Babi na Bakwai: Kiɗa ne Gaba ko Magana?

Duk safiyar Juma'a, a ƙofar fadar Moro Naba da ke tsakiyar Wagadugu, akan ɗaura wa doki sirdi a tsayar da shi. Sarkin Mosawa ya fito cikin jajayen kaya kamar mai shirin yaƙi, hakimansa su zo su faɗi su yi gaisuwa, su roƙe shi ya fasa tafiya. Sai ya koma ciki, ya sake fitowa cikin fararen kaya. Baƙon da ya zo kallo, in ya ji makaɗan fada sun sa hannu, yakan ɗauka ƙawata zama kawai ake yi. Amma gangar nan da ake kira bendire, wadda babban duma ne aka yanke bakinsa aka rufe da fata, magana take yi. Da ita makaɗan Mosawa ke jero sunayen sarakunan da suka shuɗe da kirarin kowannensu, kuma wanda ya tashi a fada yana jin abin da take faɗa. Lauya kuma marubucin nan na Burkina Faso, Titinga Frédéric Pacéré, ya yi shekaru yana nazarin wannan harshe na ganga, ya dage a kan cewa adabi ne cikakke. Masanin Japan Junzo Kawada ma ya yi irin wannan aiki a masarautar Tankodogo.

Bahaushen zango ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Ya san kalangu. Ya ga yadda makaɗi ke rataya shi a kafaɗa, ya matse tsarkiyoyinsa da hammata sai murya ta hau, ya sassauta sai ta sauka, makaɗin da ke hannun damansa yana faɗa wa fata. Da hawa da saukar nan ake kiran mahauci da takensa, a kira ɗan dambe, a kira budurwa a dandali, kuma wanda aka kira ya waiwayo ba tare da wani baki ya motsa ba. Mosawa suna da tasu gangar mai wannan ƙira, lunga. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa a harsunan biyu ɗaya ne: Hausa da More duka harsuna ne masu karin sauti, kowace kalma da nata hawa da sauka. Saboda haka tambayar da ke kan wannan babi, wadda a wasu ƙasashe ake yinta kamar an ajiye kiɗa a dama magana a hagu, a wajenmu ta fi haka sarƙewa. Duk da haka ana yin gardamar, kuma ban san inda ta fi zafi kamar zango ba.

Hausawa sun zo ƙasar Mosi ne ta hanyar fataucin goro, wadda ta tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato ta bi ta Gurma zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Inda ayari ya saba yada zango, nan gari ya tsiro. A Wagadugu tsohuwar unguwarsu ita ce Zangwatin, kusa da babbar kasuwa, har zuwa 2003 lokacin da aka rushe ta a shirin sake fasalin tsakiyar birni da ake kira ZACA. Jama'a suka watsu. Yau za ka sami gidajen Hausawa a unguwanni daban-daban, har da Sisin a kudancin birnin, wadda ake rubutawa Cissin a allunan hanya. Wannan watsuwa ta taɓa harshe. Yaron da a da zai fita ƙofar gida ya ji Hausa ta ko'ina, yanzu Hausarsa ta tsakar gida ce. A waje More yake yi, a makaranta Faransanci, in ya shiga kasuwa wani lokaci har da Jula. Hausa mai yawa da ke shiga kunnensa daga wayar salula take fitowa: fina-finan Kano da waƙoƙinsu.

A wani shagon ɗinki a Sisin na ga gardamar a fili. Maigidan dattijo ne, yana yankan yadi, muryar Shata na fita a hankali daga ƙaramar rediyo mai cin katin waƙa. Ɗan ƙanensa da ke koyon aiki yana kan keke, da abin ji a kunne ɗaya, ƙafarsa na taka keken daidai da wani kiɗa daban. Dattijon ya ɗaga kai ya ce, "Kai, wannan da kake ta kaɗa kai, me ya ce?" Yaron ya cire abin kunnen ya ce, "Kawu, ai soyayya ce." "Na ji soyayya ce. Me ya ce?" Yaron ya yi murmushi, ya rera muryar waƙar tsaf, babu inda ya kauce, amma kalmomin rabinsu a dunƙule suke a bakinsa. Sai ya ce, "Kawu, ku ma naku ai ganga ɗaya ce tun safe, ba ta canzawa." Dattijon ya ajiye almakashi ya ce, "Gangar ba ita ake saurare ba."

Maganar dattijon tana da tushe mai ƙarfi, kuma da ita zan fara. Waƙar baka ta Hausa, musamman ta fada da ta jama'a, an gina ta ne don magana ta fito. Dubi tsarinta: akwai gindin waƙa da 'yan amshi ke komawa gare shi, akwai ɗiya da jagora ke saƙawa a tsakani, kiɗa kuma yana zagayawa a wuri guda don ya ba jagora fili. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kotso ya yi waƙa, ganga ce da ake kaɗawa da yatsu, ba ta da hayaniyar da za ta danne murya. Abin da ya sa har yau ake nazarin Bakandamiyarsa a jami'o'i shi ne azancin da ke cikinta, da yadda yake yabon ubangidansa ya juya ya yi wa abokin hamayya zambo ba tare da ya kama suna ba. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, haka. Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 saboda abin da bakinsa ya faɗa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Ɗan Maraya Jos. Kuntiginsa gwangwani ne da aka rufe da fata, da tsirkiya guda ɗaya tal. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka, ya yi wa masu auren dole faɗa, ya zaga ƙasashen duniya har ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya ba ta da abin da za ta ɓoye rauni da shi. In maganar ba ta kai ba, babu waƙa.

Zango ma yana da nasa gadon a wannan fage. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara da kan talauci da wadata. Malaman zangon Gwanja sun yi ta kwafarsu da hannu. Babu ganga ko ɗaya a tare da su.

Masu mulki kuwa sun daɗe da yanke hukuncinsu a wannan gardama. Mutanen Wagadugu sun gani da idonsu. A 2013 mawaƙa biyu, Smockey mai waƙar gambarar zamani da Sams'K Le Jah mai rege, suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen, wadda ta kasance a sahun gaba a boren da ya kawar da Blaise Compaoré a ƙarshen Oktoban 2014. Da sojojin fadar shugaban ƙasa suka yi juyin mulki a Satumban 2015, an kai wa ɗakin ɗaukar waƙa na Smockey hari. Babu wanda ke kai wa mutum hari don daɗin kiɗansa. Abin da ya faɗa ne ya jawo. Haka sarakunanmu suke tsoron zambo, haka attajiri ke biyan maroƙi tun kafin ya buɗe baki.

To, in an tsaya nan sai a ce dattijon ya ci gardama. Ban yarda a tsaya nan ba, domin masu rena murya suna manta abin da ya ɗauko musu maganar da suke taƙama da ita.

Ɗauki Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya da ya rasu a 1990. Waƙar wa'azi ce, mai tunatar da mutuwa da hisabi da yabon Annabi, kuma da wuya a sami rubutacciyar waƙar Hausa da ta kai ta yaɗuwa. Masana adabin Hausa sun nuna cewa karinta daga kiɗan Caji ya aro shi, kiɗan da samari da 'yan mata ke rawa da shi a zamaninsa. Malamin ya ga inda kunnuwan jama'a suka karkata, sai ya bi su can da wa'azinsa. Makafi masu bara suka ɗauke ta, suna rerawa ƙofa-ƙofa da kasuwa-kasuwa, ta shiga garuruwan da littafinta bai taɓa zuwa ba. Da ya rubuta wannan nasiha a zube, da tana nan a cikin gafakar 'yan malamai kaɗan. Tun kafinsa Nana Asma'u ta gane haka, shi ya sa karatun da ta ba matan da ake kira jaji su kai wa matan ƙauye a waƙe ta tsara shi, don wadda ba ta karatu ta riƙe a ka.

Ishiriniya ta fi wannan nuna ƙarfin murya. Waƙar Larabci ce ta Alfazazi, mutumin Andalus, Larabcinta kuma mai zurfi ne, sai an zauna gaban malami. Amma a daren Mauludi, daga Kano har zangon Wagadugu da na Kumasi, za ka ga tsohuwa tana bi tana hawaye, alhali ba za ta iya fassara maka baiti ɗaya ba. Wani zai ce ai ba ta san abin da take faɗa ba. Ni ina ganin ta sani. Ta san wanda ake yabo, muryar kuma ta isar mata da sauran. Wanda ya ce wannan hawaye ba shi da ma'ana bai san abin da waƙa ke yi wa zuciya ba.

Sai kuma waƙoƙin Indiya, waɗanda su ne babbar hujjar masu cewa murya ce gaba. Shekaru da dama gidajen silima a Kano da Jos da Maradi, haka nan a Wagadugu, suna nuna fina-finan Indiya ga mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Duk da haka muryar Lata Mangeshkar da ta Muhammad Rafi sun zauna a bakin jama'a. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka mayar da wasu Hausa. Daga baya a Kano masu bege da bandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya da Brian Larkin ya yi rubutu a kanta, suka ɗauki muryoyin nan suka ɗora musu yabon Annabi. Dabarar Namangi ce aka sake. Amma abin lura shi ne ƙorafin da wasu malamai suka yi: sun ce mai sauraro, ko da kalmomin na yabo ne, in ya ji muryar sai zuciyarsa ta koma kan jaruma da jarumi suna rawa a cikin fim. Ko mutum ya yarda da hukuncinsu ko bai yarda ba, sun faɗi gaskiya guda: murya ba fanko ba ce. Tana ɗauke da wurin da aka fara jinta da halin da aka ji ta a ciki, kuma sababbin kalmomi ba sa goge wannan nan da nan.

Wannan ƙarfi na murya shi ake gani a bikin Hausawa a Sisin. Maƙwabta Mosawa da Fulani da Yarbawa sukan cika wurin, kuma in aka saki waƙar Hamisu Breaker ko ta Ado Gwanja ko ta Nura M. Inuwa, kowa shiga fili yake yi. Jarumar Mata ta Breaker, wadda ta game gari a 2020 lokacin kullen annoba, ta kai inda ba a jin Hausa. Kalmominta ba su ne suka kai ta can ba. Ni kuwa ina murna da hakan, domin ƙaramar al'umma a babban birni tana bukatar abin da zai sa maƙwabci ya shigo gidanta da fara'a.

Inda nake da damuwa daban ne, kuma ba kan wane ya fi wane ba ne. Damuwata ita ce wane ake fara yi.

A Hausa, kalma da muryarta take zuwa. Kukan yaro da kukar miya baƙaƙensu ɗaya ne, amma a na farko murya tana sama har ƙarshe, a ta biyu tana faɗuwa a gaɓar ƙarshe. Ban da hawa da sauka akwai tsawo: wata gaɓa mai nauyi ce, wata marar nauyi, kuma a kan wannan bambanci aka gina karin waƙa. Shi ya sa ma'aunan Larabci irin su Kamil da Rajaz da Mutaƙarab suka zauna wa Hausa daram, abin da Farfesa M. K. M. Galadanci ya kira auren waƙa tsakanin Larabci da Hausa. Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya gano cewa mawaƙanmu har amsa-amo suke yi da karin sauti, wato ƙarshen layuka su dace a hawa da sauka, ba a baƙi da wasali kaɗai ba. Masana irin su William Leben da Russell Schuh sun bi waƙoƙin Hausa gaɓa-gaɓa, suka ga cewa raujin waƙa yawanci yana bin karin kalmomin, tsawon bugu kuma yana bin nauyin gaɓa. Ba doka ce marar togiya ba, mawaƙi yakan karya ta in yana neman wani armashi. Amma gwani ya san lokacin da ya karya, kuma ya san dalili.

Ma'anar wannan ita ce, a wajen Narambaɗa ko Shata ko Barmani Coge da ƙwaryarta, raujin daga cikin maganar yake tsirowa. In ka faɗi layin da baki, ba tare da rerawa ba, za ka ji rabin muryar waƙar tana nan. Shi ya sa yake da wuya a fassara su a rera da wani harshe, kuma shi ya sa kalangu ke iya maimaita abin da jagora ya faɗa jama'a su gane.

Da fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano a shekarun 1990, tsarin aiki ya juya. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa kowa kasuwar da ke cikin wannan sabon kiɗa, aka yi ca a kansa. Sau da yawa mai fiyano ne ke fara haɗa kiɗa, ko a kawo muryar wata waƙar Indiya ko ta Larabawa, sannan a nemi kalmomin da za su cika gurbi. A nan ake samun ɓarna. Muryar da aka ƙera don Indiyanci, harshen da ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti irin namu, ba ruwanta da inda kalmar Hausa ke hawa. Sai a ja gajeren wasali don ya kai bugu, a guntule dogo, a ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka. Tela ya san in an yanka riga kafin a auna mai ita, dole wani wuri ya matse wani ya yi yawa. Sannan na'urar gyaran murya ta zo ta shafe ɗan abin da ya rage, har ka kasa rarrabe ɗ da d, ko ƙ da k.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Aminu Ala da fiyano yake waƙa, amma marubuci ne kafin ya zama mai rerawa, kuma kana jin kowace kalma a mazauninta. Cikin mawaƙan soyayya na yanzu ma akwai waɗanda kunnensu ke ƙin layin da ya karye, ko da ba su taɓa jin sunan karin sauti ba. Laifin ba na na'ura ba ne. Kuntigi ma a zamaninsa sabon abu ne da aka haɗa da gwangwanin kanti.

Ɗan Kano ko ɗan Maradi, in ya ji kalma a karkace cikin waƙa, kunnensa yana gyara masa, domin ya ji ta daidai sau dubu a gida da kasuwa. Ɗan Sisin ba shi da wannan gata. Akwai kalmomin da a waƙa ya fara jinsu, wataƙila kuma a waƙa kaɗai zai ci gaba da jinsu: kalmomin bege da kewa da alkawari, waɗanda ba a cika faɗarsu a tsakar gida ba. In ya same su a karye, a karye zai riƙe su, ko kuma ya yi abin da yaron shagon ɗinki ya yi, ya riƙe muryar ya bar kalmomin su dunƙule. Mawaƙin da ke zaune a ɗakin ɗaukar waƙa a Kano ba ya tunanin cewa yana koyar da Hausa a Wagadugu da Akara da Abijan, amma yana koyarwa, kuma ɗalibansa sun fi na kowane malamin makaranta yawa.

Dattawan zango su ma suna da nasu aikin. Ba ya isa a kunna Shata a ce wa yaro wannan ita ce waƙa. Hausar Narambaɗa Gobiranci ce ta fada, cike da sunayen dawaki da sarautu da garuruwan da ko ɗan Kano na yau sai an yi masa bayani. Yaron da ya ce ganga ɗaya ce tun safe gaskiyarsa ya faɗa, domin abin da ke canzawa a cikin waƙar, wato maganar, a rufe yake gare shi. In aka tsayar da rediyo aka ce masa ga wanda ake yi wa habaici a nan, ga abin da ya faru tsakaninsu, ga dalilin da 'yan amshi suka karɓe a daidai wannan wuri, sai ya fara jin motsin da bai ji ba a da. Haka makaɗan bendire ke yi wa 'ya'yansu a fadar Moro Naba: yaro yana koyon bugun tare da maganar da bugun ke nufi, shekara da shekaru.

Ga masu shirya waƙa kuwa, gwajin ba shi da tsada. Kafin a taɓa fiyano, mawaƙi ya faɗi layinsa da baki kamar yana gaya wa mutum magana, mai kiɗa ya saurari inda murya ta hau da inda ta sauka da inda ta daɗe, ya gina raujin a kan haka. In muryar aro ce ake son amfani da ita, to a yi abin da Namangi ya yi da Caji: a zauna a nemi kalmomin da nauyinsu ya dace da ita, ko da za a kwana ana sauya layi ɗaya. In an gama ɗauka, a kira wanda ba ya cikin aikin, a kunna masa sau ɗaya, a ce ya maimaita abin da aka faɗa. Duk wurin da ya tsaya yana tambaya, a koma kansa kafin a saki waƙar.